Hotuna Tara da Baffa Ya Goge

Ɗakin kwanan ɗalibai mata,
6 ga Oktoba.

Zuwa ga Baffa Mai Hoto,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, ya aiki, ya iyali? Mu dai alhamdu lillahi, in ban da mura da ta zagaye ɗakinmu kaf.

Na san za ka yi ta juya takardar nan kana neman wace ce. Ni ce 'yar marigayi Dogo mai gyaran rediyo, wanda kakanka da kakansa uwa ɗaya uba ɗaya. An ce kai ka laƙaba mini Sarkin Tambaya ina 'yar shekara huɗu, to sunan ya biyo ni har jami'a. Adireshinka kuwa a bayan wani tsohon hoton Baba na gan shi, inda ka buga hatimin shagonka.

Ina shekara ta uku yanzu. Digirin da nake yi biyu ne a haɗe, kimiyyar kwamfuta da nazarin laifuka. Da safe mu koyi rubuta manhaja, da rana mu koyi abin da ke kai mutum ga aikata laifi, da yadda ake riƙon shaida har ta isa gaban alƙali ba ta lalace ba. A zangon nan malamarmu ta ce kowa ya nemo tsohon memori na waya ko na kyamara, ya dawo da abin da aka goge a ciki. Sharaɗinta ɗaya: mai memorin ya ba da izini a takarda, ya sa hannu da biro, ba ta karɓar saƙon waya. 'Yan ajinmu duk na ƙannensu suka kwaso, ba abin da ke ciki sai waƙoƙi. Ni kuwa na bugi ƙirji na ce ina da Baffa mai hoto.

Ba zan ɓoye maka ba, Mama ba ta san na rubuto ba. In aka ambace ka a gidanmu, sai ta ƙara wa keken ɗinkinta gudu. Abin da ta taɓa gaya mini kawai shi ne Baba ya yi wata biyu yana jinya ba ka zo ka duba shi ko sau ɗaya ba. Ba wannan ya sa na rubuto ba, memori kawai nake roƙo.

Fom ɗin izinin yana cikin ambulan. Ka karanta layin ƙarshe da kyau: kana da ikon janye izinin duk ran da ka ga dama, kuma in ka janye, dole in lalata duk abin da na samu.

'Yarka,
Sarkin Tambaya

*

Shagon hoto,
19 ga Oktoba.

Sarkin Tambaya,

Wa alaikis salam. Ikon Allah! Sai da na zauna a kan kujerar da nake zaunar da masu fasfo kafin na ƙarasa wasiƙarki. Rabona da ke kina da wawulo, kina tambayata in na ɗauki mutum hoto ko yana raguwa. Lafiyarmu lau. Gwiwa ce ke ɗan taɓa ni, sai ido da ya fara neman a matso masa da takarda. Allah Ya sauwaƙe murar.

To amma wannan karatu naku ya ɗaure mini kai. Sata ake koya muku ko kamun ɓarawo? Na tambayi maƙwabcina mai gyaran waya, ya ce duka biyun ne, sai a ƙarshe mutum ya zaɓa. Kuma in mutum ya gama, ɗan sanda yake zama, ko lauya, ko mai zaman ofis? Ki warware mini, don na riga na fara yi wa mutane alfahari da ke alhali ban san me zan ce kina yi ba.

Ga memori nan na naɗe a cikin kwalin ashana. Na tsohuwar kyamarata ne, wadda na yi shekaru ina cin abinci da ita. Amma tun yanzu ina ba ki haƙuri, wahalar banza za ki yi. Ni mutum ne mai tsabtar aiki: in na wanke wa mutum hotonsa, nan take nake gogewa. Kafin in ajiye memorin nan ma sai da na share shi tas, kyamarar da kanta ta rubuta babu hoto. Abin da babu kuwa ta ina za ki dawo da shi? In kin iya, ki gaya mini yadda aka yi, da Hausar da tsoho zai gane.

Na sa hannu. Layin ƙarshen ma na karanta, na yi dariya. Me zan janye a memorin da ba komai?

Maganar da mahaifiyarki ta gaya miki, ba ta yi ƙarya ba. Ban zo ba. Yaya ƙarfin jikinta? Har yanzu tana ɗinki ba tabarau?

Baffanki

*

Ɗakin kwanan ɗalibai mata,
3 ga Nuwamba.

Baffa,

Ina gaisuwa. Allah Ya ba gwiwa lafiya. Murar ta tafi. Mama lafiyarta ƙalau, ta fara sa tabarau bara, amma sai in ba kowa a ɗakin.

Bari in fara da tambayarka. Ka ga durowa mai aljihuna da yawa, kowane da takardar suna a manne? In ka danna gogewa, kyamara takardar sunan kawai take yagewa, ta ce aljihun nan babu kowa. Hoton yana nan kwance a ciki har ran da aka cusa wani a kansa. Mu aikinmu shi ne mu bi aljihunan ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin da muke aikin ba taga, sanyi kamar cikin firij, kuma ba a taɓa ainihin memorin. Sai an saka shi a wata 'yar na'ura da ke hana a rubuta komai a kansa, a yi kwafi, a rufe shi a leda a rubuta wanda ya riƙe da lokacin, sannan a yi aiki da kwafin. In mun gama karatun kuma, wasunmu 'yan sanda ke ɗaukarsu aiki, wasu kotu, wasu banki.

Mai tsabtar aiki, hotuna ɗari uku da goma sha biyu na dawo da su! Masu fasfo sun fi yawa, kowa ya ɗaure fuska kamar an kama shi.

Sai na tafka kuskuren da har yanzu ake yi mini tsiya a kai. Kowane hoto yana ɗauke da kwanan watan da kyamara ta ba shi, ni kuwa na kwafe na zuba a rahoto ban duba ba. Malama ta karanta a gaban aji ta ce, “Wato baffan naki mutum ɗari uku ya ɗauka ranar ɗaya ga Janairu, duk a shekarar da aka ƙera kyamarar?” Aji ya tuntsire. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ashe ba ka taɓa saita agogon kyamarar ba, duk sanda ka cire batir sai ya koma farko. Ta ce agogon na'ura ma shaida ne kamar kowa, sai an yi masa tambayoyi. In ya gaza, a duba abin da ke cikin hoton.

Baffa, tara daga ciki Baba ne.

Yana zaune gaban shuɗin labulenka da farar riga. Na ƙara girman hoton har ina iya ƙirga maɓallan. Ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa. Akwai filasta a bayan hannunsa na hagu, daidai inda ake sa allurar ƙarin ruwa. Kuma ƙafar tabaransa ta dama a ɗaure take da baƙin zare. Ni na karya tabaran nan. Ina 'yar shekara bakwai na zauna a kai, a satin da aka fara kwantar da shi, Mama ta cire zare daga keke ta ɗaure. Ba zan manta ba, don na sha faɗa.

Ke nan hotunan a cikin wata biyun jinyar aka ɗauke su, a shagonka, tafiyar awa huɗu daga gidanmu. Ta yaya? Wa ya kawo shi? Me ya sa ba ka wanke ko ɗaya ba? Mutum ɗaya ce za ta iya tabbatar da zaren nan, ita ce wadda ta ɗaura shi. Rahoton zai shiga ƙarshen zango, da sunanka a matsayin mai memori.

Ina jiran amsa ido buɗe.

'Yarka

*

Ɗakin kwanan ɗalibai mata,
28 ga Nuwamba.

Baffa,

Ina gaisuwa da fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Yau kwana ashirin da biyar da na aiko maka da wasiƙa. Kullum sai na leƙa ofishin da ake ajiye mana wasiƙu, har matar da ke wurin ta daina jiran in tambaya, da ta hango ni sai ta girgiza kai. Ko wasiƙar ce ba ta iso ba? Ko gwiwar ce? In rashin lafiya ne, don Allah ka sa maƙwabcinka ya rubuto ko layi biyu ne.

Na san bakina ya cika tambaya. Kai ka fara ganewa.

'Yarka

*

Shagon hoto,
5 ga Disamba.

'Yata,

Lafiyata lau, wasiƙunki duka biyu sun iso.

Na ba ki memori don ki yi karatu, ban san ni za a karanta ba. Kin jera mini tambayoyi kamar ina tsaye gaban alƙali, kin ce sunana zai shiga rahoto, kin kuma ce za ki kai wa mahaifiyarki ta tabbatar. In ma kin riga kin kai, to kin karya abin da na yi shekara goma sha huɗu ina riƙo.

Layin ƙarshen nan da na yi wa dariya, yau shi nake nema. Na janye izinina. Ki lalata su. Ki yafe mini in hakan ya taɓa makinki.

Baffanki

*

Ɗakin kwanan ɗalibai mata,
11 ga Disamba.

Baffa,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da lafiya ce. Sauran wasiƙar kuwa ban ji daɗinta ba, sai da na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

Ba ka karanta ni daidai ba. Cewa na yi Mama ce za ta iya tabbatarwa, ban ce zan kai mata ba. Ban kai ba, ban gaya mata ba, kuma ko ina so ba ni da iko. Hotunan ba su taɓa fita daga ɗakin nan mai sanyi ba, ko a wayata babu su. Sunanka a rahoto kuwa ba tuhuma ba ce, layi ne kawai da ke nuna wanda ya ba da aron abu. Amma na sake karanta kwafin wasiƙata, na ga yadda na jero maka tambayoyi ba ko numfashi. A aji an koya mana yadda ake tambayar shaida, ni kuma sai na manta da Baffana nake magana. Ka yi haƙuri.

Na kai wa malama wasiƙarka. Ta ce doka doka ce. Ranar 8 ga Janairu, bayan hutu, za mu lalata kwafin a gabanta, in sa hannu, a mayar maka da memorinka a ledarsa. Kada maki ya dame ka, ta ce in nemo wani in sake. Na tambaye ta ko zan iya riƙe guda ɗaya tak, ta dube ni ta ce, “Ke kin san amsar.” Na sani kuwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, hoton Baba ɗaya ne a gidanmu, wanda na samo adireshinka a bayansa, kuma a ciki saurayi ne da ban taɓa sani ba. Wanda na sani shi ne na memorinka, mai tabarau da zare.

Ba zan ƙara tambayar yaushe ko me ya sa ba. Tambaya ɗaya ta rage mini, in ka ga dama ka bar ta. A takwas ɗin farko ya ɗaure fuska. A na tara kuwa dariya yake har tabaran ya karkace. Me ya ba shi dariya?

'Yarka

*

Shagon hoto,
22 ga Disamba.

Sarkin Tambaya,

Ina gaisuwa, da fatan kin gama jarrabawa lafiya. Gwiwa da sauƙi. Barci ne dai ya yi ƙaranci tun da takardarki ta zo.

Ni na ba shi dariya.

Wata Talata da hantsi ina share shago sai na ga mutum ya dafa ƙofa yana haki. Sai da ya yi magana na gane Dogo ne. An sallame shi na kwana biyu kafin a sake kwantar da shi, shi ne ya sulale ya hau motar safe shi kaɗai. Ya ce ya matsa wa likita har ya gaya masa gaskiya, abin ya wuce magani. Ya ce, “Ɗauke ni hoto mai kyau, na yarinya ne, ta samu abin dubawa.”

Na gyara labule, na kunna fitila, na ɗauki takwas ina cije leɓe. A na tara hawaye ya rufe mini ido, hanci na zuba, na rasa inda maɓallin yake. Shi ne ya fashe da dariya yana nuna ni, ya ce, “Dubi fuska! Kai tun muna yara ba a aikenka da sirri.” A haka yatsana ya danna.

Da na nuna masa hotunan a bayan kyamara, sai dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana kallon wuyansa. Ya ce, “A'a. Kada ta san ni a haka. Goge.” A gabansa na goge su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya riƙe hannuna ya ce in yi masa alkawari biyu. Kada in gaya wa kowa ya zo. Kuma kada in taka asibitin nan, don mahaifiyarki tana da yaƙinin zai tashi, kuma da ta ga fuskata za ta gane. Ya ce in bar ta da kwanciyar hankalinta na kwanakin da suka rage. Na yi gardama, na yi fushi, ya ƙi sakin hannuna sai da na ce to. Na raka shi tasha. Bayan kwana goma sha tara aka aiko mini.

Na je ta'aziyya. Na gai da mahaifiyarki sau uku, ba ta ɗago ba. Ban ga laifinta ba, ni ma da haka zan yi. Na ɗauki takalmina na fito, sai kunya ta hana ni komawa, shekara ta bi shekara.

Kwana goma na yi ina juya maganar nan. Ya ce in goge, na goge. Ya ce kada in je, ban je ba. Amma da farko ai cewa ya yi na yarinya ne. Kuma bai san yarinyar da ta zauna masa a kan tabarau za ta je ta karanta tonon abin da aka goge ba. In da laifi, ni zan amsa masa.

Ga sabuwar takarda nan na rubuta da hannuna na sa hannu, ki kai wa malamarki kafin ranar takwas. Hotunan Dogo naki ne. Na masu fasfo ki lalata, ba su ba ni izinin rabawa ba, kin ga ni ma na fara karatun. Mahaifiyarki kuwa na bar miki, ke kika fi ni saninta. In za ki wanke na tara, ki gaya wa mai wankewa kada ya ƙara haske, fitilata daidai take.

Baffanki

*

Gida,
16 ga Janairu.

Mai Hoto,

Assalamu alaikum. Ni ce matar ɗan'uwanka. Ina gaisuwa, ya iyali, ya gwiwar da na ji labari? Ka yi haƙuri da rubutuna, na fi sabawa da allura.

Yarinyar ta zo ƙarshen mako da hoton da wasiƙarka. Zaren nawa ne. Ƙulli uku na yi masa, ga su nan ana gani.

Na tuna Talatar nan. Ce mini ya yi zai je sayo kayan rediyo, ya dawo da yamma hannu biyu, ko waya ɗaya bai riƙo ba. Na yi ta masa faɗa yana murmushi.

Ga abin da ba ka sani ba. Ni likita ya fara gaya wa, tun satin farko, a bakin ƙofar ɗakin jinya. Na roƙe shi kada ya gaya wa ɗan'uwanka. Kullum sai na wanke fuska a famfon waje kafin in shiga, in ce masa ya kusa tashi. Ashe ina ɓoye masa, yana ɓoye mini, kai kuma muka bar ka da laifin. Da ka zo, da ba abin da fuskarka za ta gaya mini sabo, da dai na samu wanda zan yi kuka tare da shi.

Na ji gaisuwarka duka ukun. Ina amsawa yanzu, ka yafe mini.

Yarinyar ta ce a gayyace ka ranar kammala karatunta baɗi. Na ce baɗi ta yi nisa, mu duka ba yara ba ne. Ka zo ƙarshen watan nan. Ni da ita ba mu da hoto tare tun tana firamare, saboda haka ka taho da kyamara. Tana tsaye a kaina yanzu, ta ce in rubuta maka ka saita agogon tun a gida.

Matar ɗan'uwanka